Ragowar sirop ɗin Ilham: a ba ƙaninta ko a'a?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ranar Litinin muka kai Ilham asibiti, tari da zazzaɓi, numfashinta yana ta sama-sama. Likita ya ce limoniya ce ta fara kama ta, ya rubuta mata sirop ɗin amoksisilin na kwana biyar. Yau kwana uku ke nan, alhamdulillahi zazzaɓin ya sauka, tana cin abinci, har tana wasa a tsakar gida. To ga ƙaninta ya tashi da mura tun jiya. Shi ne na ce ko in dakatar da nata tunda ta warware, in ba shi ragowar? Kun dai san yadda kuɗin magani ya zama yanzu.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi 'yar nan. Mu dai a zamaninmu kwalba ɗaya ce take zagaye yaran gida. Amma bari masu ilimin abin su zo.

Anti Nas: Ƙanwata, don girman Allah kada ki yi haka. Saukar zazzaɓi alama ce ta cewa maganin ya fara cin ƙarfin cutar, amma huhun bai gama washewa ba. Likitan da ya sa abin awo a ƙirjinta ya saurara shi ya ce kwana biyar, to ki cika mata biyar ɗin cif. Na sha ganin yaran da aka yanke wa magani a tsakiya, bayan 'yan kwanaki a dawo da su a saɓe a kafaɗa, wannan karon sai gado da allura ta jijiya. Kuɗin da kike son ki tattala, ninkinsa za ki kashe.

Shi kuma ƙanin nata, mura ce. Ƙwayar da take kawo mura bairos ce, amoksisilin kuwa bakteriya yake kashewa. Ko kwalba goma kika ba shi ba za ta taɓa murar ba, sai dai ta jawo masa gudawa ko ƙuraje. Ki ba shi ruwa da nono sosai, ki share masa hanci, in jikinsa ya yi zafi ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa.

Maman Ilham: To Anti, ita ma Ilham ai da mura ta fara. Ya zan gane in nasa ya juye ya zama irin nata?

Likitan Yara: Tambaya mai kyau, Maman Ilham. Ki jira ya natsu, ba yana kuka ba, ki ɗaga rigarsa ki ajiye agogon wayarki, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke. Yaron da yake tsakanin wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50 ko ya wuce, numfashin ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40 ne ma'aunin. Ki kuma duba ƙasan haƙarƙarinsa, in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, wannan ba a kwana da shi a gida.

Akwai kuma maganar awo. Ana lissafa maganin yaro ne da nauyinsa a sikeli. Abin da aka rubuta wa Ilham nata ne ita kaɗai. Ko sirop ɗin ma kala biyu ne a kasuwa, akwai mai 125mg a cikin 5ml, akwai mai 250mg a cikin 5ml, kwalbar kusan iri ɗaya. Uwa ta saba da "cokali ɗaya" a wancan, ta sayo wannan, ta ninka wa yaro ba ta sani ba.

Maman Ilham: Na gode Likita. Yanzu na ƙirga, 34 na samu, shekararsa ɗaya da wata huɗu. Zan ƙarasa wa Ilham nata in sha Allah.

Amaryar Gwammaja: Ni kuma tambayata a kan haɗa garin ne. Da wane ruwa ake haɗawa? Maƙwabciyata da ruwan zafi take yi, wai ya fi narkewa. Sannan mu unguwarmu sai a kwana biyu ba wuta, a ina za a ajiye?

Malam Famasis: Amarya, ki faɗa mata ta daina. Zafi yana lalata maganin. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce sarai. A fara girgiza garin ya saki daga gindin kwalba, a zuba ruwa rabi, a girgiza, sannan a cika zuwa daidai layin da aka zana a jikin kwalbar. In kika wuce layin kin tsinka shi, in ba ki kai ba ya yi kauri. Duk lokacin da za a ba yaro a sake girgizawa, a kuma auna da murfin awo ko sirinjin da ya zo a kwalin. Cokulan kicin ba girmansu ɗaya ba.

Ajiya kuma, amoksisilin zalla ya fi son firij, amma in babu, a nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, kamar gindin randa, nesa da rana da murhu. Irin su Augmentin kuwa, wato wanda aka haɗa amoksisilin da wani sinadari, in aka jiƙa shi dole sai firij, yana saurin lalacewa. Wanda ya san ba shi da wuta ya faɗa wa likita tun a ɗakin duba marasa lafiya. Akwai amoksisilin na ƙwaya mai narkewa, 250mg, da ake jefawa a ɗan ruwa ko nonon uwa a cokali a ba yaro nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF shi suke ƙarfafa a yi amfani da shi ga limoniyar yara, saboda irin garuruwanmu da ba wuta. Sirop ɗin da aka jiƙa kuwa kwanakinsa ƙidayayyu ne, wani 7, wani har 14, yana rubuce a jiki. In an gama kwanakin da likita ya ce, abin da ya rage ba a adana shi don gaba.

Ɗalibin Lab: Ina neman afuwar manya, amma ina da ja a kan maganar Anti. A 2017 wasu masana a Ingila sun yi rubutu a mujallar likitoci ta BMJ, suka ce wannan magana ta "sai ka shanye duka" ba ta da ƙwaƙƙwarar hujja, kuma daɗewa ana shan antibayotik, wato magungunan kashe bakteriya irin su amoksisilin, shi ne ma yake ƙara sa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. To me ya sa har yanzu muke tsorata mutane?

Anti Nas: Ɗana, ka zo ɗakin yara ka kwana ɗaya tukuna.

Likitan Yara: Anti ku yi haƙuri, yaron yana da gaskiya ta wani ɓangare. An yi wannan rubutun, kuma bincike ya nuna cututtuka da dama ba sa buƙatar dogon lokacin da ake ba su a da. Shi ya sa ma aka rubuta wa Ilham kwana biyar, da can sai a ce bakwai ko goma. Amma ka lura da wa aka yi wa maganar: mu masu rubutawa aka ce mu rage inda ya dace. Ba a ce uwa ta dubi yaro yana wasa ta yanke da kanta ba. Kuma akwai cututtukan da ba a taɓa kwanakinsu ko kaɗan. Maganin tarin fuka yawanci wata shida ne, mutum yakan ji garau tun a wata na biyu, in ya ajiye a nan ne ake samun irin tarin da maganin farko ba ya ji, sai a koma wani mai wahala. Wanda ya ga ya warke kuma yana son ya tsaya, ya koma ya tambayi wanda ya rubuta masa.

Ɗalibin Lab: Na gamsu Likita. Ai shi kansa Alexander Fleming da ya gano fenisilin a Landan a 1928, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa shan abin da bai kai awo ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin.

Baban Sadik Mai Kemis: Na daɗe ina karantawa na yi shiru, don na san ƙarshenta a kanmu za a sauke. Kullum masu kemis ne masu laifi. Ku da kuke asibiti ba ku san abin da muke gani ba. Mutum zai zo ƙarfe goma na dare, ɗansa yana zafi, abin da ke hannunsa bai kai kuɗin kati ba balle gwaji. Ya ce a haɗa masa na ɗari biyar. In na ce ya tafi asibiti, shagon gaba zai shiga, ko ya tari mai tallar magani a faranti. A ƙauyenmu kafin ka ga likita sai ka hau mashin ka yi tafiya mai nisa. To ya kuke so mu yi?

Ɗan Maraɗi: Baban Sadik bai yi ƙarya ba. Nan wajenmu ma ranar kasuwa za ka ga magani a shimfiɗe a tabarma rana tana dukansa, ana sayar da kafso ɗaya-ɗaya kamar alewa. Mutane ba sunan magani suke faɗa ba, kala suke faɗa, a ba ni ja da rawaya guda biyu.

Malam Famasis: Alhaji, ba wanda ya ce ba ku da amfani. A wurare da yawa ku ne farkon wanda mara lafiya yake gani, shi ya sa ma nauyin ya fi yawa a kanku. Amma mu duba haɗin nan na ɗari biyar. Kafso biyu na Ampiclox, Flagyl biyu, farasitamol, da ɗan maganin ƙarin jini, a ƙulle a leda. Abin da ya sauke zazzaɓin farasitamol ne. Kafso biyun nan ba su isa su kashe komai ba, sun dai isa su kashe masu rauni a cikin ƙwayoyin cutar su bar masu taurin kai su hayayyafa. Mutumin ya tafi yana yi maka godiya, alhali ka sayar masa da abin da zai sa gobe maganin ya ƙi yi masa aiki, shi da iyalinsa, don ƙwayoyin nan suna yawo daga hannu zuwa hannu, daga masai zuwa rijiya.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne. Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi muni a duniya idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Roƙona gare ka ɗaya ne. In kuɗin mutum bai kai na cikakken awo ba, kada ka ba shi gutsure. Ka ba shi farasitamol, in gudawa ce ka ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari, da zinc, ka gaya masa gaskiya cewa wannan na rage zafi ne kafin safiya.

Baban Sadik Mai Kemis: Malam, faɗa da baki yana da sauƙi. In na yi haka ni kaɗai, kasuwata ce za ta mutu, maƙwabcina ya ci gaba da haɗawa. Sai dai in ƙungiyarmu ce za ta tsaya a kai gaba ɗaya. Kuma ku ma ku gyara naku, sau nawa ake kawo mini takardar asibiti an jera antibayotik uku ga mai mura?

Likitan Yara: Wannan gaskiya ne Alhaji, yana faruwa. Layi ya yi tsawo, babu gwaji a kusa, uwa kuma tana ganin in ba a rubuta mata allura ba ba a duba ɗanta ba, sai ma'aikaci ya rubuta don a rabu lafiya. Iyaye ku taimaka mana a nan: in likita ya ce ɗanki ba ya buƙatar antibayotik, ba rowa ya yi miki ba.

Abban Yusra: Ni matsalata taifot ce. Duk bayan wata biyu sai an ce ina da maleriya da taifot, in sha antibayotik ɗin nan sifro, in ji dama, ya sake dawowa. Yanzu har ba na zuwa gwajin, in na ji kasala kawai sai in saya.

Ɗalibin Lab: Yaya, ina kyautata zaton gwajin Widal ake yi maka. Wannan gwajin ba ƙwayar cutar yake nemowa ba, alamun da jini ya ajiye ne, kuma a inda taifot ta yi yawa irin ƙasarmu, mai lafiya ƙalau ma yana iya nuna su. Maleriya ma takan sa ya hau. Wanda yake tabbatarwa shi ne a ɗebi jini a shuka shi a lab na 'yan kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro, in ta tsiro a gwada wane magani ne yake kashe ta. Kuma ana ɗibar jinin ne kafin a fara shan magani.

Likitan Yara: Abban Yusra, taifot ta gaske zazzaɓi ce mai nacewa tana hawa kwana da kwanaki, tana kwantar da mutum, in aka yi sakaci har hanji take hudawa. Kasala duk bayan wata biyu tana iya zama hawan jini, ko ciwon suga, ko ƙarancin jini, ko rashin barci, kana ta rufe ta da sifro. Shi sifro kuma ba abin wasa ba ne, yana iya taɓa jijiyar agara har ta tsinke, musamman ga masu shekaru. Ka dubi abin da ya faru a Pakistan: daga 2016 aka samu ɓarkewar wata taifot a lardin Sindh, ta fara daga Hyderabad, wadda ba ta jin kuloramfenikol, ba ta jin amfisilin, ba ta jin Septrin, ba ta jin sifro, har allurar seftiriyazon ba ta ji. A cikin magungunan da ake sha ta baki kusan azitromaisin kaɗai ya rage musu. Hanyar da muke bi ke nan in muka ci gaba da shan sifro don kasala. Ka je a yi maka cikakken bincike don Allah.

Hajiya Babba: Ikon Allah. To Malam Famasis, ni da ba na iya shan magani sai da fura fa? In ban sha da ita ba cikina yake murɗawa.

Malam Famasis: Hajiya, ya danganta da wanne aka ba ku. Amoksisilin ba ruwansa, ku sha da abinci ko babu. Amma sifro da tetrasaikilin, wato ja da rawayan nan, da ɗan uwansa doksisaikilin, nono da madara da yogot suna riƙe su a hanji su hana su shiga jini yadda ya kamata. Haka maganin olsa mai kama da alli, da maganin ƙarin jini, da zinc. Ku ba da tazarar aƙalla sa'a biyu, ga sifro ma takardar cikin kwalin tana cewa a sha shi sa'a biyu kafin irin waɗannan magungunan ko sa'a shida bayansu. Doksisaikilin kuma da ruwa cikin kofi ake shan sa, a zaune, kada a kwanta nan take, yana ƙona maƙogwaro in ya maƙale.

Sannan "sau uku a rana" ana nufin duk bayan sa'a takwas. Mafi sauƙi a ɗaura shi a kan lokutan da ba a mantawa: bayan Asuba wajen ƙarfe shida, bayan Azahar ƙarfe biyu, sai ƙarfe goma na dare. In an manta, a sha da zarar an tuna, sai dai in lokacin na gaba ya matso, to a bar wancan. Ba a haɗa biyu a rama.

Anti Nas: Tunda an ambaci ja da rawaya, bari in roƙi iyaye mata. Ku daina fasa kafson nan kuna zuba wa yara a koko wai gudawar haƙori. Tetrasaikilin yana shiga haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba ya rine su, launin ba ya fita har girma, mai ciki ma ba a ba ta saboda abin da ke cikinta. Haka ɗigon Ampiclox da ake ɗura wa jariri tun ranar da aka haife shi wai a wanke masa ciki. Jariri lafiyayye nonon uwarsa ya ishe shi, in kuma ba shi da lafiya asibiti ne wurinsa. Yawancin gudawar yara ORS da zinc na kwana 10 zuwa 14 ne maganinta. In an ga jini a bayan gida, wannan kam sai likita.

Amaryar Gwammaja: Anti, ƙanwar mijina ta sha Septrin, kwana kaɗan bakinta ya yi ƙuraje, idonta ya yi ja, fatarta ta fara saɓulewa. Tsofaffi suka ce cutar ce take fitowa, a ci gaba da ba ta.

Likitan Yara: Subhanallahi. Yanzu take cikin wannan halin? In yanzu ne, a dakatar da maganin a wuce da ita babban asibiti a daren nan, a tafi da kwalin. Jikinta ne ya ƙi maganin, kuma irin wannan yana kisa. Septrin yana cikin magungunan da aka sani da haddasa shi, Fansidar na maleriya ma danginsa ne, kada ta sake kusantar ko ɗaya. Duk wanda ya sha antibayotik ya ga borin jini, ko leɓe da fuska sun kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, a nan ba a maganar cika kwanaki, tsayawa ake yi a nemi asibiti. A rubuta sunan maganin a ajiye, duk inda aka je a faɗa kafin a rubuta wani.

Amaryar Gwammaja: Wata uku ke nan Likita, an kwantar da ita kuma ta tashi alhamdulillahi. Amma ba wanda ya ce mana ta guji Fansidar. Yanzu zan kira ta.

Maman Hanan: Ni dai a taɓa mana maganar infekshan. Duk matar da ka gani tana shan wani abu a kai, an sha an sha ba ya tafiya.

Anti Nas: 'Yar uwa, abin da muke tarawa mu kira infekshan ko sanyi cututtuka ne daban-daban. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri yawanci fangas ne, wata ƙwayar cuta da ba bakteriya ba, kuma yawan shan antibayotik ɗin ne ma yake kawo shi, don yana kashe ƙwayoyi masu amfani da suke tsare wurin. Kin ga ana sha yana ƙaruwa ke nan. Wani na mafitsara ne, wani kuma ana ɗauka ne ta wajen kwanciya, shi wannan in ba a yi wa maigida da abokan zama magani tare ba, dawowa zai yi ta yi. Wani ruwan ma na halitta ne, ba ciwo ba. Ki je a ɗauki samfur a gwada. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa tun kafin a ɗauki biro.

Mai Gidan Gona: Ni kaji nake kiwo. Muna zuba musu oksitetrasaikilin a ruwa tun suna 'yan tsaki don rigakafi. Wannan ma yana cikin abin da kuke faɗa?

Malam Famasis: Yana ciki sosai Alhaji, don dangin maganin mutane ne, kuma ƙwayoyin da suka saba da shi a hanjin kaza suna fita a kashinta, wanda muke kaiwa gonar alayyafo da latas. Ka duba jikin leda ko robar maganin, akwai kwanakin da aka rubuta a jira bayan an daina ba su kafin a yanka ko a sayar da ƙwai. Rigakafi kuma allurar rigakafi ce da tsaftar ɗaki da rage cunkoso. Antibayotik sai likitan dabbobi ya duba ya ce akwai ciwon da yake buƙatarsa.

Mai Gidan Gona: Ƙwan da suka yi a cikin kwanakin jiran fa? Kiret nawa ne a rana, ba zan iya zubarwa ba. In an dafa ba ya fita?

Malam Famasis: Dafuwa ba ta ba da tabbacin ya fita. Akwai magungunan da ma aka rubuta a jikinsu kada a ba kaji masu yin ƙwai, akwai kuma waɗanda ba su da kwanakin jira a kan ƙwai. Kafin ka sayi na gaba ka gaya wa likitan dabbobin cewa masu ƙwai ne, ya zaɓa maka a cikin waɗannan. Turo mini hoton bayan ledar wanda kake ba su yanzu in karanta maka abin da aka rubuta.